Bimbinin Safiya: Jinyar Da Ba Ta Kai Ga Warkewa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan safiya.

Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa wata rana Kabsha, matar ɗan Abu Ƙatada, ta zuba wa surukinta ruwan alwala. Sai ga kyanwa ta zo da ƙishi. Abu Ƙatada ya karkata mata ƙwaryar har ta sha ta ƙoshi. Da ya ga Kabsha tana kallonsa da mamaki, sai ya shaida mata cewa Manzon Allah (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da komo a tsakanin mutanen gida. Sahabi guda, yana shirin tsayuwa gaban Ubangijinsa, ya dakata don dabba ta sha ruwa.

Wannan bimbini na wanda ke da tsohuwar kyanwa mai ciwon ƙoda ne, wanda sau da yawa kafin ya kai ga buta da asuba sai ya tarar da farar kumfar amai a ƙasa, ya nemo tsumma. Haka jiya, haka shekaranjiya. Zuciya takan tambaya: wannan wahala har yaushe, tunda likitan dabbobi ya riga ya ce ciwon ba ya warkewa?

Gaskiya likita ya faɗa. Ciwon ƙoda mai daɗewa yana yawan kama kyanwowin da suka haura shekara 10, kuma ɓangaren ƙodar da ya mutu ba ya farfaɗowa. Ƙoda tamkar rariya ce, tana tace jini, ta fitar da datti cikin fitsari, ta riƙe wa jiki ruwansa. Allah Ya yi ta da rara mai yawa, shi ya sa sai wajen kashi biyu cikin uku na aikinta ya lalace kafin alamu su fito fili. Daga nan kyanwa ta dinga yawan fitsari da yawan shan ruwa, tana ramewa. Dattin da ya kamata ya fita yana taruwa a jini, shi ke tayar mata da zuciya. Ƙarancin ruwa a jiki yana kawo taurin kashi, yunƙurin kashi kuma kan jawo wani aman. Idan ta kwana ciki babu komai, sai kumfar asuba.

Ka dubi yadda wannan baiwar Allah ke jure abinta. Ba ta da bakin cewa zuciyata na tashi. Sai dai ka ga tana lasar leɓe, yawu na dalala, ta zo gaban kwano ta sunsuna, ta juya baya. Mai gaggawa zai ce yanga ce. Mai lura zai gane yunwa take ji, tashin zuciya ne ya hana ta. Tausayi yakan fara ne daga lura, kuma lura tana son mutum ya rage sauri.

Tausayi yana son sani ma. Kada tausayi ya sa ka ɓallo mata maganin mutane. Farasitamol guba ne ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ibuprofen da danginsa kuwa ƙarasa ƙodar suke yi. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa tana lalata mata jini, busasshen kifi mai gishiri yana ƙara wa ƙoda nauyi. Abin da ke taimakawa ba shi da wuya, naci yake so: abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, mai laushi da ruwa-ruwa, a ɗan ɗumama shi don ƙamshinsa ya tashi, ɗan abin da za ta ci kafin a kwanta, ruwa mai tsabta a wurare da dama na gida. Likita na iya rubuta maganin amai irin su maropitant ko ondansetron, ko mirtazapine mai buɗe cin abinci, ya ba da abinci mai ƙarancin sinadarin fosfaras, ya koya maka ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ya kuma auna hawan jini. Idan ka ga jini a amai, ko ruwa ma ba ya zama a cikinta, ko ta wuni ta kwana ba ta ci komai ba, kada ka jira gobe, domin kyanwar da ta yi kwanaki ba ci hantarta kan taɓu.

Duk wannan ba zai mayar da ƙodar sabuwa ba. Mu kuwa mun saba auna aiki da sakamakonsa: a yi shuka a girbe, a sha magani a miƙe. To ina ribar jinyar da ƙarshenta sananne ne? Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa, ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Ba a kama matar da laifin kasa tsawaita ran kyanwa ba, ajali na Allah ne. An kama ta da hana abin da ke hannunta. Haka ma kai, ba za a tambaye ka dalilin da ya sa ƙoda ta gaza ba. Abin da ke wuyanka shi ne kwanon ruwan yau da lomar yau.

A ƙuruciyarta kyanwarka ta tsare maka rumbu da ɗakin girki daga ɓeraye. Yanzu ba ta kama komai, ba ta da abin biya, godiya ma ba ta iya furtawa. Alherin da ake yi wa wanda ba zai iya ramawa ba, babu mai gani balle ya yaba, shi ne ya fi kusa da zama don Allah kaɗai. Wanda kuma ya koyi goge aman dabba ba tare da tsaki ba, ya fara koyon abin da zai buƙata ranar da tsohuwa ko tsoho a gidansu ya kwanta, a daina maganar warkewa, a koma maganar sauƙi.

Abin yi yau: sake wa kyanwarka ruwa kafin ka karya kumallo. Rubuta lokacin da ta yi amai da kamanninsa, da abin da ta ci, don ka nuna wa likita. Sannan ka tuna wani majinyaci a danginku da aka gaji da dubawa, ka je ka gaishe shi.

Addu'a: Ya Allah, Mai rahama ga dukkan abin da Ka halitta, Ka sassauta wa dabbobin da Ka ba mu amanarsu. Ka ba mu haƙuri idan mun gaji, Ka ba mu sani don kada mu cutar da niyyar taimako. Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ka saka wa masu jinyarsu da alheri, Ka haɗa mu da masu tausayinmu ranar da ƙarfinmu ya ƙare. Amin.