Rigar Da Ta Tsallaka Teku: Kyakkyawan Nufi Kaɗai Ya Isa?

A garuruwa da ƙauyuka masu yawa na Amurka da Kanada akwai wata tsohuwar al'ada a tsakanin mata masu bi. Sukan taru a zauren majami'a, kowace da allurarta da almakashinta, su ɗinka wani irin bargo da ake yi da ƙyallaye. Bargon hawa uku ne: a sama ƙananan yankunan yadi kala-kala da aka harhaɗa, a tsakiya auduga, a ƙasa kuma yadi ɗaya shimfiɗaɗɗe, sa'an nan a bi su da ɗinki ko a ƙuƙƙulle su da zare. Lokaci lokaci irin waɗannan ƙungiyoyi sukan yi shela cewa duk mai ragowar yadi a gida ya kawo. Sai a tara, a wanke, a goge, a yanka, a ɗinka riguna da wanduna na yara, a cika akwatuna a aika ƙasashen da matan ba su taɓa takawa ba.

Wanda ya ji wannan labari, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne madalla. Amma akwai tambayar da ta cancanci iyalin Kirista su zauna su yi tunani a kanta, domin ta shafi kowace kyauta da muke bayarwa: shin kyakkyawan nufin mai bayarwa ya isa ya mai da kyautarsa alheri ga mai karɓa?

Aikin da ba na rainawa ba ne

Bari mu fara da ba matan nan haƙƙinsu. Aikinsu yana da tushe mai zurfi. An kafa ƙungiyar agaji ta Mennonite Central Committee a shekarar 1920 domin kai abinci ga masu fama da yunwa a yankin da yau ake kira Yukren, daga baya kuma barguna da tufafi suka shiga cikin kayan da take aikawa. An kafa Lutheran World Relief a 1945, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya bar mutanen Turai cikin kufai da sanyi. Bargunan da matan ikkilisiyoyin Lutheran suke ɗinka mata, masu faɗin inci 60 da tsawon inci 80, sun kai dubban ɗaruruwa a shekara ɗaya. A 2008 wata mace mai suna Rachel O'Neill ta jihar Mishigan, bayan ta ziyarci Malawi, ta kafa Little Dresses for Africa, inda ake mai da rigar matashin kai ta zama rigar yarinya. Cikin masu ɗinka mata akwai wata tsohuwa ta jihar Ayowa, Lillian Weber, wadda ta ɗauki alkawarin riga ɗaya kowace rana. Kafin ta cika shekara 100 a 2015 ta riga ta ɗinka riguna 1,000, ta kuwa ci gaba har rasuwarta a 2016.

Mai jin Hausa ba ya bukatar a bayyana masa nauyin tufa. Kalmar sutura a bakinmu tana nufin rigar da ke jiki, tana kuma nufin mutuncin da ke rufe mutum. In muka ce Allah ya rufa asiri, da harshen tufa muke roƙon mutunci. Yaron da ba shi da rigar kirki yakan ƙi zuwa makaranta, yarinya takan ɓuya in baƙi sun zo. Littafi Mai Tsarki ma haka ya ɗauki al'amarin. A Farawa 3:21 Allah da kansa ya yi wa Adamu da matarsa tufafi kafin su bar gonar. A Fitowa 22:26-27 an hana mai ba da bashi ya kwana da mayafin matalauci da ya karɓa jingina, domin da shi yake rufa da dare. A Matiyu 25 Ubangijinmu ya lissafta tufasar da mai tsiraici cikin ayyukan da aka yi masa shi kansa. Saboda haka tsohuwar da ta sunkuya a kan keken ɗinki domin yarinyar da ba za ta taɓa gani ba tana yin abin da Nassi ya girmama.

Ƙarar da ake kawowa

Duk da haka akwai masu ƙorafi, yawancinsu kuwa 'yan Afirka ne da ma'aikatan agaji da suka daɗe a cikin aikin. Ƙararsu kashi uku ce.

Ta fari, kuɗin hanya. Kafin akwati ya tashi daga Amurka ya isa wani ƙauye a Malawi, an biya jirgin ruwa, an biya fito a tasha, an biya mota. Sau da yawa kuɗin nan zai iya sayen yadi a kasuwar ƙauyen, har a biya telan da zai ɗinka.

Ta biyu, telan kansa. Babu ƙasar Afirka da ba ta da masu ɗinki. Kowace riga da ta zo kyauta daga ƙetare riga ce da wata mace mai keke a bakin kasuwa ba ta ɗinka ba, ita ma kuwa tana da 'ya'yan da take ciyarwa. Masu wannan magana sukan nuna abin da gwanjo ya yi. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Toronto, Garth Frazer, ya wallafa bincike a 2008 inda ya ƙiyasta cewa shigowar tsofaffin tufafi ita ce sanadin kusan kashi 40 cikin 100 na raguwar ɗinkin tufafi a masana'antun Afirka tsakanin 1981 da 2000. A 2016 ƙasashen Gabashin Afirka suka yi shawarar hana shigo da gwanjo. Ruwanda ta ƙara harajinsa ƙwarai, Amurka kuwa ta rama a 2018 da janye wa tufafin Ruwanda gatan shiga kasuwarta ba haraji. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akra, masu bin diddigin al'amarin sun ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa kowane mako, kusan kashi 40 cikin 100 kuma a juji suke ƙarewa. Mu ma a nan mun ga masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, ko da yake rashin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin yadi mai araha suna da babban hannu a ciki.

Ta uku ita ce mafi nauyi: wa aka tambaya? A 2010 wani matashi Ba'amurke ya fara gangamin tara riguna miliyan ɗaya domin Afirka. 'Yan Afirka da ma'aikatan agaji suka tambaye shi ko akwai wanda ya ce masa riguna ne suka rasa, ya kuwa janye shirin. Nufinsa mai kyau ne, amma ya zaɓi kyautar tun bai san bukatar ba.

A rarrabe tsakanin abubuwa

Adalci ya bukaci mu ce ba duk ƙarar nan ce ta faɗa kan matan bargo ba. Gwanjo kasuwanci ne na manyan diloli, ana saye ana sayarwa, yawansa kuwa ya fi ƙarfin kwatanci da abin da hannuwan tsofaffi za su iya ɗinkawa. Rigarsu sabuwa ce, an yi ta domin yaro, ba abin da wani ya gaji da shi ya yar ba. Haka kuma akwai wuraren da maganar tela ba ta taso ba. Inda yaƙi ya kori mutane da dare, ko ambaliya ta share gari, telan ma yana cikin sansani ba keke ba almakashi. A irin wannan wuri bargo shi ne katifa, shi ne labule, shi ne abin goyo. Wanda ya tsaya yana lissafin tattalin arziki alhali jariri yana rawar sanyi, ya zama kamar mutumin da Yakubu 2:15-16 ya tsauta wa, mai sallamar ɗan'uwa da fatan alheri ba tare da ya ba shi abin rufa ba.

Amma ƙara ta uku tana nan daram, ba ta kuwa bar kowa ba. Kyauta tana da fuska biyu: abin da take yi a zuciyar mai bayarwa, da abin da take yi a rayuwar mai karɓa. Fuska ta fari kusa take, mai bayarwa yana jin daɗinta nan take. Ta biyu tana can bayan teku, ba ya ganinta sai in ya nema. Jarabar da ke tattare da kowace sadaka ke nan, wato mutum ya auna alherinsa da daɗin da ya ji. Mace mai son ɗinki, wadda ɗakinta ya cika da ragowar yadi, tana iya rinjayar kanta cewa abin da duniya ta fi bukata shi ne daidai abin da take jin daɗin yi. Ba mugunta ba ce, rauni ne irin na 'yan adam. Hausawa kuwa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dokas da Bulus

Ƙungiyoyin ɗinki na mata masu bi sun daɗe suna ɗaukar sunan Dokas, almajirar nan ta Yafa da aka ba da labarinta a Ayyukan Manzanni 9:36-42. Sa'ad da ta rasu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Abin lura shi ne, Dokas tana zaune tare da su a gari ɗaya. Ta san wadda rigarta ta yage, ta san tsawon kowace. Haka Hannatu, a 1 Sama'ila 2:19, kowace shekara takan ɗinka wa Sama'ila 'yar riga ta kai masa Shilo. Uwa ce mai lissafin yadda ɗanta yake girma. A wurin matan nan biyu ƙauna da sani tare suke tafiya.

To, wanda yake nesa fa? Shin nisa ya sauke masa nauyin? Ko kaɗan. Ikkilisiyar farko ta yi taimako na nesa, amma mu duba yadda ta yi shi. A Ayyukan Manzanni 11:27-30 sai da aka sanar da masu bi na Antakiya yunwar da ke tafe kafin suka tara gudummawa, suka kuma aika da ita hannun dattawan Yahudiya, mutanen da suka san gidajen mabukata. A 2 Korantiyawa 8 Bulus ya tara kuɗi daga ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin Urushalima, ya sa amintattun da ikkilisiyoyi suka zaɓa su raka kuɗin, ya kuma bayyana cewa manufar ita ce a sami daidaito, yalwar wani ta cika rashin wani, wata rana kuma a juya. A idonsa mai karɓa ɗan'uwa ne wanda gobe zai iya zama mai bayarwa. Shi ya sa a Filibiyawa 1:9 addu'arsa ita ce ƙaunar masu bi ta yi ta ƙaruwa tare da sani da fahimi.

Amsar tambayarmu ke nan. Kyakkyawan nufi wajibi ne, amma bai isa ba. Abin da kusanci ya ba Dokas a sauƙaƙe, mai bayarwa na nesa sai ya same shi ta wurin tambaya, da haƙurin jin amsar ko da ba ita yake so ba.

Waɗansu ƙungiyoyin sun riga sun kama wannan hanya. 'Yan Mennonite sukan yi kasuwar agaji inda ake sayar da barguna mafi kyau ga wanda ya fi tayi, a aika da kuɗin wurin abokan aiki na ƙasar da ke da bukata, su sayi abin da ya dace a kasuwarsu. Lutheran World Relief kuma ta daɗe tana karɓar ƙunshin yadi guda biyu da zare, waɗanda ake kai wa masu koyon ɗinki. A nan tara yadi ya zama abin da yake ba tela aiki maimakon ya raba shi da shi. Allurar matan ba ta tsaya ba, sai dai ta bi bayan bukatar.

Abin da ya rage gare mu

Kada mai karatu ya ɗauka wa'azin nan na Turawa ne kaɗai. Tun daga 2009 tashin hankali ya raba miliyoyin mutane da gidajensu a arewa maso gabashin ƙasarmu, ikkilisiyoyinmu da Zumuntar Mata kuwa sun sha tara tufafi domin 'yan gudun hijira, da marayu, da gwauraye. Ma'aunin da muka auna matan Amurka da shi, shi ne namu. In an yi shelar tara kaya, me muke fitarwa daga akwati? Rigar da za mu yarda ɗanmu ya sa ranar Lahadi, ko tsumman da muke neman inda za mu zubar? Mun aiki wani ya tambayi shugabannin matan sansanin ko tufafi suke so, ko sabulu, ko kuɗin makaranta? Akwai gwauruwa mai keke a cikinsu da za a ba yadi da lada ta ɗinka wa yaran daidai jikinsu? In mun kai kayan kuma, muna jera yara a gaban jama'a domin a ɗauki hoto? Wanda ya tufasar da jiki ya tona asirin mai jikin, bai ba da sutura ba.

Iyaye, ku koya wa 'ya'yanku wannan tun suna ƙanana. In yaro zai ba da riga, a bar shi ya zaɓi mai kyau, ya wanke ta, ya ninke ta da hannunsa, a kuma gaya masa wanda za ta je wurinsa da dalilin da ya sa ita ake bukata. Ta haka zai tashi da sanin cewa mai karɓa mutum ne mai suna, mai ra'ayi, mai kunya kamarsa.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Muna gode wa Allah domin kowane hannu da ya riƙe allura saboda ɗan wani, a Ayowa ne ko a ƙauyenmu. Ubangiji ya ba mu hannu mai bayarwa, ya kuma ƙara mana kunne mai saurare. Amin.