Wa Zai Sayi Maganin Baba Bayan Ritaya?

Muddin ma'aikacin gwamnatin tarayya yana aiki, inshorar lafiya na ɗauke da shi da matarsa da 'ya'ya huɗu, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai yake biya. Ranar da ya cika shekara 60, ko 35 a bakin aiki, sai a cire sunansa. Wato daidai lokacin da hawan jini da ciwon suga suka fara sallama.

A nan Bulabulin amsarmu a shirye take: ai yana da 'ya'ya. Gaskiya ne, haƙƙi ne a kansu. Amma ɗan da kuɗin haya ya sha masa kai fa? Baba yana gani. Sai ya riƙa ɓoye ciwonsa, yana raba ƙwaya ɗaya gida biyu, don kar a ce ya zame wa yara kaya.

Wasu na cewa biyan kuɗi kafin cuta ta zo rashin tawakkali ne. To, rumbu fa, don me ake cika shi da kaka? Hukumar NHIA na da tsarin GIFSHIP da mai ritaya zai iya shiga, ana biya duk shekara. Ba kowace jinya yake ɗauka ba, amma in 'ya'ya suka yi karo-karo suka biya, Baba zai tafi asibiti da katinsa, ba sai ya jira wani ya ɗaga waya ba.