Ɗana, Ka Ƙirga Ilektron Kafin Ka Ajiye Biro

Ɗana, kai da ke ajin ƙarshe na sakandare a Tofa, ga jarrabawar WAEC da NECO sun ƙarato, matso mu yi magana a kan darasin da ke kayar da ɗalibai a kimiyyar sinadarai, wato daidaita lissafin oksidashan da ridakshan. Na san yadda yawancinku ke yi. Sai a haddace amsar da malam ya rubuta a allo, ranar jarrabawa a sauya sinadari ɗaya, kai ya ɗaure. Hadda tana da amfaninta, amma wannan darasi fahimta yake so.

Ƙa'idar guda ɗaya ce. Sinadarin da ya saki ilektron ya yi oksidashan, wanda ya karɓa ya yi ridakshan, kuma adadin da aka saki dole ya zo daidai da wanda aka karɓa. Tamkar ciniki ne a kasuwar Dawanau: kuɗin da ya fita daga aljihun mai saye shi ne ya shiga na mai hatsi, ba ƙari ba ragi.

Abin yana faruwa a gabanka kullum. Fartanyar da aka manta a gona da damina takan yi tsatsa ne saboda ƙarfe ya saki ilektron, iskar oksijin ta karɓa, danshi ya sauƙaƙa musu hanya. Idan ka shiga Kano, ka leƙa marinar Ƙofar Mata. A cikin karofi, inda baba ya jiƙu da toka ya ruɓa, rinin yana karɓar ilektron har ya narke a ruwa. Marini ya tsamo zane yana kore-kore, iska ta buge shi, nan take ya koma shuɗi a kan idonka, domin oksijin ya ƙwace ilektron ɗin.

To ga yadda za ka bi a takarda. Ɗauki MnO₄⁻ da Fe²⁺ a cikin asid, ka raba aikin gida biyu. Rabin ƙarfe mai sauƙi ne: Fe²⁺ ya zama Fe³⁺, ya saki ilektron 1. A ɗaya rabin, MnO₄⁻ zai zama Mn²⁺. Oksijin 4 ne a hagu, sai ka sa 4H₂O a dama. Haidirojin 8 sun bayyana, sai ka sa 8H⁺ a hagu. Yanzu duba caji: hagu +7, dama +2, saboda haka hagu na buƙatar ilektron 5. Tunda manganis 5 yake nema, ƙarfe kuma 1 yake bayarwa, ninka rabin ƙarfe sau 5, ka haɗa:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O

A nan ne masu garaje ke tuntuɓe. Sukan ƙirga atam, su ga ya daidaita, su ajiye biro. Kai ka ƙirga caji ma: hagu +17, dama +17. Idan bai zo ɗaya ba, aikinka da gyara, komai kyan rubutunka. Gaggawa aikin shaiɗan ce, minti ɗaya na dubawa ya fi makin da za ka zubar.

Kada ka yarda wani ya ce maka kimiyya ba ta ɗan manomi ba ce. Makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, nan maƙwabtanku, wadda ta fara aiki a 1977, ta daɗe tana yaye ɗaliban da suka zama likitoci da injiniyoyi. Marigayi Bashir Tofa har littafi ya rubuta da Hausa a kan kimiyyar sararin samaniya.

Ka samo tambayoyin shekarun baya, kullum bayan sallar isha'i ka warware biyu da hannunka, ba tare da leƙen amsa ba. Wanda ya gagare ka, ka kai wa malaminka da safe, kada kunya ta hana ka tambaya. Idan ka gane, ka koya wa ƙanwarka da abokin zamanka. Allah ya buɗa maka basira, ya ba ka sa'a.