Kala a gonar magabata: shin kwaikwayo sata ne?

A ce wani matashi a Gure ya buɗe littafin makaranta, ya ci karo da zanen da Bafaranshe Jean-François Millet ya yi a 1857: mata uku a gona bayan girbi suna kalar alkama, biyu sun duƙa, ta uku ta ɗan miƙe. Ya nemo ƙyalle da fentin mai, ya zauna yana kwaikwayonsa. Malaminsa zai yaba masa ne, ko zai ce ya saci aikin wani?

Mu fara duba abin da yake samu. Fentin mai ba ya bushewa da wuri, don haka dole ya koyi haƙuri: shafe mai ruwa-ruwa a ƙasa, mai kauri a bisa. Sai hannunsa ya bi sawun Millet zai lura cewa kawunan matan ba su kai inda sama ta haɗu da ƙasa ba, alhali tarin amfanin mai gona na can nesa cikin haske. Mai kallo kan wuce wannan. Mai kwaikwayo ba ya iya wuce shi.

Manyan masu zane ma ta nan suka bi. A 1889 da 1890, Van Gogh yana jinya a Saint-Rémy, ya sake zana ayyukan Millet kimanin ashirin daga hotuna marasa launi, ya zaɓa musu launuka da kansa, bai kuma ɓoye tushensu ba. Han van Meegeren kuwa, ɗan ƙasar Holan, ya ƙware a salon Vermeer, ya sayar da nasa zane da sunan Vermeer, har kotu ta hukunta shi a 1947. Dukansu sun sha daga rijiyar wani. Gaskiya ce ta raba su.

Manomin Muniyo ya san bambancin. Mai kala yakan shiga gona da rana tsaka, da sanin mai ita. Ɓarawon dami sai dare. Saboda haka sharaɗi na farko shi ne ɗalibi ya rubuta a ƙasan aikinsa daga wa ya ɗauko.

Sharaɗi na biyu ya fi nauyi, kuma yana wuyanmu mu malamai. Kayan aro ba ya rufe katara. Idan muka tsaya ga yabon kamanni kawai, za mu yaye yara masu zana gonakin Faransa har tsufansu. In yaron ya gama da Millet, mu tura shi bayan gari lokacin kaka, ya zauna kusa da matan da ke kalar gero, ya zana su da idon da ya samo.