Guzurin Mai Tafiyar Shekaru

Tun kafin jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano yana sauke su Jidda cikin yini guda, mutumin karkara wanda ya ƙudura niyyar sauke farali, ko daga ƙasar Dambatta ya fito, ko Bichi, ko Minjibir, ya san abin da ke gabansa tafiya ce ta shekaru, wadda za ta bi da shi ta Barno, ta ratsa da shi Wadai da Darfur, ta kai shi bakin kogin Nilu, kana ta ajiye shi Sawakin a gaɓar Bahar Maliya yana jiran jirgin ruwan da zai haye da shi. To, da yake babu jakin da zai iya ɗaukar abincin shekara uku, balle na bakwai, sai wata mas'ala ta tsaya wa kowane maniyyaci a ƙofar gidansa, wato ina ne iyakar guzurin da shari'a ta ɗora masa, daga ina kuma tawakkali yake farawa.

Bayan kaka akan tashi, an sa gero da dawa a rumbu, an sayar da gyaɗa. Uwargida ta daka gari ta ɗure a taiki, ta ƙulla kuka da daddawa da kanwa da busasshiyar kuɓewa kowanne a tsummansa, a haɗa da ƙuli-ƙuli saboda ba ya saurin lalacewa. Maigida kuwa nasa buta ne da buzu da salka, da Alƙur'ani cikin gafaka in mai karatu ne, da yawansu kuma sukan naɗe farin ƙyalle su sa a ƙasan kaya, kowa ya san na mene ne, ba a kuwa tambaya. Duk wannan, in an yi tsimi ƙwarai, da ƙyar zai fitar da mutum daga ƙasar Barno. Daga nan sai me?

Wasu za su ce daga nan sai tawakkali, suna nufin mutum ya saki jiki ya jira abin da zai faɗo. Malaman tafsiri sun riga sun rufe wannan ƙofa, domin sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa hajji hannu rabbana, suna kiran kansu masu tawakkali, in sun iso Makka kuma sai su shiga roƙon jama'a, har aya ta sauka cikin Suratul Baƙara tana umurni da yin guzuri. Ko cikin sufaye, waɗanda ake zaton sun fi kowa watsi da sababi, an ambaci Ibrahimul Hawwas, wanda ya shahara da ratsa hamada shi kaɗai, cewa ba ya rabuwa da allura da zare da almakashi da abin ɗiban ruwa, hujjarsa kuwa ita ce in rigarsa ɗaya ta yage al'aurarsa za ta bayyana salla ta ɓaci, in kuma ya iso rijiya ba abin ɗiba, ba shi da alwala. Ashe ko shi ma lissafi ya yi, sai dai lissafinsa na abin da zai tsare masa farilla ne.

Amsar da kakanninmu suka yi aiki da ita tana cikin mazhabarsu. Shafi'awa da Hambaliyya sun fassara istiɗa'a, wato ikon da ke wajabta hajji, da samun guzuri da abin hawa. Amma Malikiyya, kamar yadda ake karantar da almajirai cikin Muhtasar na Halilu a zaurukan Kano, sun tafi a kan cewa wanda yake iya tafiya da ƙafa, yana kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, babu tsoro ga ransa ko dukiyarsa, to, hajji ya hau kansa ko da ba shi da raƙumi ko jaka. Wannan hukunci, a ganina, shi ne ya cika hanyar gabas da talakawan ƙasar Hausa. Wanzami ya rataya zabirarsa, baduku ya ɗauki basillarsa, mai ɗinkin hula ya soke allurarsa a bakin hula, malami ya riƙe alƙalami da tawada, wanda ba shi da ko ɗaya kuwa yana da ƙarfin riƙe fartanya. Sai a sauka wani gari a yi damina, a yi ƙodago, a tara na gaba, a ƙara gusawa. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan cikin 1925, dubban mahajjata suka sami aikin tsinkar auduga a can, kusa da garin Mai Wurno wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Wasu sun tara sun wuce sun dawo da sunan Alhaji. Wasu kuwa har yau jikokinsu na can, suna jin Hausa.

Ko Mansa Musa, sarkin Mali, wanda ya isa Alƙahira a hanyarsa ta hajji cikin 1324 da zinariyar da ta karya farashinta a kasuwa, sai da ya ci bashi wurin 'yan kasuwar Masar kafin ya iya komawa gida. Zinariya ta ƙare masa a hanya. Askar wanzami kuwa wasawa kawai take bukata.

Akwai kuma rabin shirin da ba ya shiga mangala, wanda ni a wurina ya fi nauyi, wato abin da mutum ya bari a baya: bashin da bai biya ba, amanar da ke hannunsa, wasiyya, neman gafarar maƙwabta, da ciyar da iyalin da ba zai tafi da su ba. A ƙasar nan tamu ta arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, babu saura babu daji, inda ake kai taki bisa jaki kowace shekara don 'yar gonar da aka gada ta ci gaba da ba da hatsi, wanda ya sayar da gonarsa ya sayar ke nan, 'ya'yansa ba su da inda za su sara sabuwa. Gaskiya ne littattafan Malikiyya sun tsananta, har sun ce hajji na wajaba ko da mutum zai koma matalauci bayansa, ko zai bar 'ya'yansa ga sadakar mutane. Amma sun gindaya sharaɗi, cewa muddin ba a ji tsoron halakarsu ba. Wannan sharaɗin ne ake yawan tsallakewa in ana karanto hukuncin. Mutanen da can kuwa sukan bar gona hannun ƙane cikin gandu, ko su jinginar da ita da niyyar fansa, domin sun san sana'arsu ce za ta kai su.

Yau hanyar ƙafa ta rufu, kujera ake biya, babu kuma wanda zai yi ƙodago daga Dambatta har ya kai Jidda. Saboda haka istiɗa'a ta koma kuɗi tsagwaronsu, gona kuwa ita ce abu mafi kusa da hannun manomi. Ina roƙon malamanmu na karkara, in maniyyaci ya zo musu da tambaya, kafin su koya masa yadda ake ɗaura harami, su tambaye shi da me ya biya kujerar, me kuma 'ya'yansa za su noma bana.