Kafin Ka Sayi Labulen Hoto

Ɗana, na ji ka kama ɗan shago a bakin titin Tambuwal, wanda ya miƙe daga Sakkwato zuwa Jega, kana shirin hotunan Sallah, kana kuma damuwa da rashin kuɗin labulen nan mai zanen bene da furanni. Kwantar da hankalinka. Wanda ya taso tun daga Kebbe ko Dogon Daji ya caɓa ado, kansa ya zo gani a hoto.

Ka nemi akoko. Ga araha, ga kauri, kuma ba ya ƙyalli, wanda shi ne babban abin dubawa. Shadda, komai kyanta a hannu, da fitila ta haska sai ta maido hasken cikin kyamara, ka ga fari fat a bayan kan mutum. Tun a gaban mai kanti kunna tocilan wayarka ka haska yadin. In ya yi walƙiya, ajiye masa abinsa. Atamfa kuwa kada ma ka taya, zanenta kokawa zai yi da kwalliyar amarya.

Batun launi ne na fi so ka saurara. Wata Sallah na taɓa rataya farin alawayyo, ina ganin na yi tsafta. Magidanta suka yi ta shigowa da fararen manyan riguna. Da hotuna suka fito, riga ta ɓace cikin labule, fuskoki kuma suka yi duhu, domin kyamara ta biye wa farin ta rage haske. Wani dattijo ya daɗe yana kallon nasa, ya biya, bai ce uffan ba. Har yau abin na damuna. Saboda haka ka ware fari don hoton fasfo na maniyyata da 'yan makaranta, sauran ka kai wa marini ya yi maka ruwan toka. Shi ne ma ke jure ƙurar hunturu.

Ka wanke yadin kafin tela ya taɓa shi, don akoko yana tsukewa. Yadi 6 ya isa: a raba biyu, a haɗa gefe da gefe, a bar kafar zura sanda a sama. In ka tashi daga aiki, naɗe shi a jikin sandar, kada ka ninke, karin ninki yana fitowa a hoto. Wanda za a ɗauki hotonsa kuma ya matso taku 2 daga labulen, inuwarsa ta faɗi ƙasa.