Wane Ne Ke Riƙe da Wani, Kai ko Wayarka?

Tambayar da muke so mu duba a wannan fitowa ita ce, ko laifi ne mai bi ya kashe awoyi kowace rana yana jan allon waya da yatsa, alhali abin da yake kallo ba batsa ba ne, ba kuwa saɓo ba? Da yawa za su ce babu laifi, tun da ba wanda aka cuta. Mu dai a ganinmu akwai wanda ake cuta, sau da yawa kuwa yana zaune tare da mu a ɗaki ɗaya.

Yadda Aka Zo Nan

A watan Agusta na 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya. Manya za su tuna yadda ake bin layi a gindin laimar masu wayar kuɗi, mutum yana magana yana duban agogo kada minti ya wuce shi. A lokacin waya 'yar aike ce, ka aike ta, ta kai saƙo, ka ajiye ta. Daga baya kafafen sada zumunta suka shigo cikinta. An kafa Facebook a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010, TikTok kuma ta fita duniya a 2017. Yau 'yar aiken ta zauna daram a gida, har ita ce ke kiran maigida.

Ba a karɓar kuɗin shiga waɗannan kafafe, amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram yana samun kusan dukan kuɗinsa daga talla. Gwargwadon daɗewarka a kan allo, gwargwadon tallar da za a nuna maka. Saboda haka aka shirya su yadda barinsu zai yi wuya. A 2006 wani injiniya a Amurka, Aza Raskin, ya fito da dabarar shafi marar iyaka, wato kana ja sama wani abu yana ɓullowa daga ƙasa. Jarida tana da shafin ƙarshe, shirin rediyo yana da lokacin rufewa, kwanon tuwo ma yana da gindi, amma wannan shafi ba shi da wurin da zai ce maka ya isa. Raskin da kansa ya nuna nadama daga baya. A 2017 Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a fili cewa tun asali abin da suka sa gaba shi ne yadda za su cinye lokacin mutum da hankalinsa iyakar yadda zai yiwu. Dabarar kuwa irin ta caca ce. Wani ja ka sami abin dariya, wani ja ka sami wofi, sa ran na gaba shi ke hana yatsa tsayawa. Wanda ya kasa ajiye waya, to, ya sani yana kokawa ne da abin da gwanaye suka zauna suka tsara.

Ina Laifin Yake?

Manzo Bulus ya taɓa amsa wa masu bi na Koranti da suke kafa hujja da cewa kome halal ne a gare su (1 Korantiyawa 6:12). Bai tsaya jayayya a kan halal da haram ba. Ma'auni biyu ya kawo musu: ko abin yana da amfani, da kuma ko ya mai da mutum bawa. Da waɗannan za mu auna wayarmu. Wanda ya farka da asuba hannunsa ya riga zuciyarsa, ya kai ga waya kafin ya yi addu'a, da wanda ya ce minti biyar kawai, sai ga shi tsakar dare ta wuce, su tambayi kansu wa ke mulkin wani.

Sa'an nan mu yi lissafi. Awa 2 a rana awa 730 ke nan a shekara, wato kwana 30 cur, dare da rana. Karanta Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da murya, daga Farawa zuwa Wahayin Yahaya, yakan ɗauki kimanin awa 70 zuwa 80. Mai cewa ba shi da lokacin nazarin Maganar Allah ya dubi wannan lissafi da kyau. Kwanakinmu amana ce, kamar yadda kuɗin baiko amana ne a hannun ma'ajin ikkilisiya. Kuɗi in sun ɓata ana iya biya. Kwana ɗaya da ya wuce kuwa, ba mai dawo da shi.

Amma babbar asarar tana cikin gida. Hankalinmu ba namu ne mu kaɗai ba, akwai masu hakki a kansa. Mace tana ba mijinta labarin abin da likita ya faɗa, shi kuwa yana amsa “to, to” idonsa a kan allo. Yaro ya kawo takardar jarrabawa, uwa ta ce ya jira, jiran da ba ya ƙarewa. Tsohuwa tana zaune cikin jikokinta kamar baƙuwa, kowa ya sunkuya. Ba wanda ya zagi wani, duk da haka an hana kowannensu abin da yake nasa. A cikin Luka 10, Marta tana fama da hidimar baƙo, aiki mai kyau ƙwarai, amma Ubangiji ya yabi Maryamu wadda ta zauna tana sauraro. In hidimar kirki tana iya raba mutum da abin da ya fi muhimmanci, ina ga kallon rigimar mutanen da ba mu ma san su ba? Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take. Mun mai da ita a babban yatsa, muna taya na nesa murna, maƙwabcinmu yana kwance kwana uku ba mu leƙa ba.

Masu Cewa A'a

Wani zai ce, ta WhatsApp nake sayar da kayana, ta nan nake ganin fuskar ɗana da ke ƙasar waje, ta nan zumuntar mata ke sanar da rasuwa da taro. Gaskiya ne, ba mu kuwa ce a jefar da waya a rijiya ba. Akwai bambanci tsakanin wanda ya shiga kasuwa ya sayi abin da ya kai shi ya fito, da wanda ya wuni yana zagaya rumfuna bai san abin da yake nema ba. Wani kuma zai ce, ai hutawa nake yi. Hutu abu ne da Allah da kansa ya kafa, amma ana gane hutu da abin da ya bari. In ka ajiye waya da jan ido, da ƙyashin gidan wani, da fushi a kan maganar da ba ta shafe ka ba, ba hutu ka yi ba.

Masana sun gwada abin. A 2018 masu bincike daga jami'o'in Stanford da New York suka biya waɗansu mutane a Amurka su rufe Facebook na mako 4. Kowannensu ya sami kimanin awa 1 a rana, sun ƙara zama da iyali da abokai, kwanciyar ransu ta ɗan ƙaru, ko da yake sanin labaran siyasarsu ya ragu. Bayan gwajin ma da yawansu suka ci gaba da rage amfani da ita. Ƙasar Ostareliya kuwa ta yi doka a 2024 ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafafen nan, dokar ta fara aiki a Disamba 2025. Amma ba gwamnatin da za ta shiga ɗakin cin abincinmu. Wannan aikin iyaye ne.

Abin Yi

Mun riga mun san azumi. Ba don abinci mugun abu ne muke barinsa ba, sai domin jiki ya tuna ba shi ne sarki ba. Haka za mu yi da waya. Da fari, kowa ya buɗe wurin da wayarsa take nuna awoyin da ya kashe a mako, ya dubi gaskiya. Sa'an nan iyali su zauna su keɓe lokatan da waya ba ta shiga, kamar lokacin cin abinci, da addu'ar iyali, da sujada, da bayan an kwanta. A kashe ƙarar sanarwar da ba ta zama dole ba. Wanda zai iya, ya tafi majami'a da Littafi Mai Tsarki na takarda, gama shi ba ya kawo saƙon kowa a tsakiyar wa'azi. Wanda ya gwada ragewa ya kasa, gara ya cire manhajar gaba ɗaya na wata guda, ya kuma gaya wa wani ɗan'uwa da zai riƙa tambayarsa.

Iyaye su fara, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ke tsawata wa yaro da waya a hannunsa, yaron hannun yake kallo.

Kada kuma a bar lokacin da aka ƙwato wofi. Ubangiji ya yi kashedi a kan gidan da aka share aka bar shi ba kowa (Matiyu 12:43-45). A cika awar nan da ziyarar gwauraye da marasa lafiya, da koya wa yara waƙoƙin sujada, da hira da tsofaffi tun suna tare da mu. Kamun kai yana cikin 'ya'yan Ruhu da aka lissafta a Galatiyawa 5, saboda haka mu roƙe shi cikin addu'a, mu kuma yi aiki da shi tun daga abincin daren yau. Ubangiji ya taimake mu. Amin.